Kuɗin Tallafi da Taimakon Shari'a a Ƙauyukanmu

Jawabin ma'aikatan sashen taimako da raya karkara ga dattawan ikilisiyoyi, shugabannin Zumuntar Mata da na matasa

A tarurrukanmu na baya mun yi magana a kan rijiya, da taki, da ajiyar hatsi, da allurar rigakafi. Yau maganarmu a kan shari'a ce, da kuma kuɗin da ake ba ƙungiyoyi domin su taimaki talaka ya sami hakkinsa.

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa raya karkara da kotu? Amsar tana nan cikin ƙauyukanmu. Mace mijinta ya rasu, kafin a share makoki 'yan'uwan miji sun karɓe gonar, sai iri da takin da aka taimake ta da su suka tashi a banza. An kama saurayi a kan rigimar kasuwa, iyayensa suka sayar da awaki da hatsin rumbu domin a sake shi. Hanya ta bi ta gonar mutum, ba a biya shi ko sisi ba, bai kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Abin da gida ya tara cikin shekara biyar, rigima ɗaya takan cinye shi cikin wata guda. Shi ya sa muka ga wannan magana tana cikin aikinmu.

Abin da doka ta riga ta ba mu

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Da yawa daga cikin abubuwan da muke biyan kuɗi a kansu, ko muke haƙuri da su cikin kuka, doka ta riga ta yi magana a kansu.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan kuwa babu, cikin kwana biyu. Laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa ka'ida dabam. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana a kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Ta hana a kama mutum a kan bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki. Ta ce mace tana iya tsaya wa mutum a yi belinsa kamar yadda namiji zai tsaya. Ta kuma umarci majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Wannan dokar ta tarayya ce, amma jihohi sun yi nasu irinta, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Beli a ofishin 'yan sanda kuma kyauta ne.

A kan gado, a shekarar 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da ya kamata kowace Zumuntar Mata ta sani. A shari'ar Ukeje ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta. A shari'ar Anekwe da Nweke ta ƙi amincewa da al'adar da ke korar gwauruwa daga gidan mijinta domin ba ta haifi ɗa namiji ba. Duka biyun sun taso ne daga al'adun ƙasar Ibo, amma duk kotun da ke ƙasar nan tana ƙarƙashin Kotun Ƙoli, kuma lauya zai iya kafa hujja da su.

A kan gona, dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba manomi takardar mallakar amfani da gonarsa a karkara. Idan gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a, mai gonar yana da hakkin diyyar amfanin gona da gine-ginen da ke kai.

Duk waɗannan suna rubuce. Duk da haka, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Dokar tana birni cikin littattafai da Turanci, mu kuwa muna ƙauye. Lauya yana da tsada, kuɗin mota zuwa kotu yana da yawa, kuma sau da yawa akan ɗage zama bayan mutum ya riga ya bar gonarsa ya tafi. Wannan tazara ce ƙungiyoyin taimakon shari'a suke ƙoƙarin ragewa.

Su wane ne ke ba da wannan taimako?

Na farko ita ce hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, wadda za ku ga an rubuta Legal Aid Council a allonta. An kafa ta a 1976, aka yi mata sabuwar doka a 2011, kuma tana da ofishi a kowace jiha. An yi ta ne domin wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mai da naira 70,000 a wata a shekarar 2024. Yawancin manomanmu suna cikin waɗanda suka cancanta. Sai dai lauyoyinta kaɗan ne, ofisoshinta kuma galibi suna manyan garuruwa. Akwai kuma Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana karɓar koke ba tare da kuɗi ba.

Sai ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba. Ƙungiyar mata lauyoyi, FIDA, tana aiki a Nijeriya tun 1964, tana tsaya wa mata da yara kyauta. Ikilisiyar Katolika tana da sashenta na adalci da ci gaba da zaman lafiya a yankunanta. A jami'o'i da dama ɗaliban shari'a suna ba da shawara kyauta a ƙarƙashin malamansu. Waɗannan ba sa karɓar kuɗin aiki daga talaka, amma aikin yana cin kuɗi: man mota, takardun kotu, albashin ma'aikata, kuɗin haya. To, wa yake biya?

Inda kuɗin yake fitowa

Mafi yawansa tallafi ne. Tallafi kuɗi ne da gwamnatin wata ƙasa, ko gidauniya, ko ikilisiya take ba ƙungiya domin ta yi wani aiki da aka ambata, cikin lokaci da aka ƙayyade. Ba a mayar da shi kamar rance, amma sai an yi lissafin kowace naira, kuma ba a karkata shi zuwa wani aiki. Kuɗin da aka bayar domin taimakon fursunoni ba za a saya wa majami'a kwano da shi ba.

Bari mu ba da misalan da suka faru a ƙasarmu. Daga 2010 zuwa 2017 gwamnatin Birtaniya ta biya kuɗin wani shiri mai suna Adalci ga Kowa, wanda ya yi aiki da kotuna da 'yan sanda da sarakuna a jihohi kamar Kano, Kaduna da Jigawa. A 2017 Tarayyar Turai ta fara shirin RoLAC, wanda ya taɓa Kano da Adamawa da wasu jihohi, aka shiga zangonsa na biyu a 2023. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta tallafa wa ƙungiyoyin da suka sa ido a kan aiwatar da dokar 2015 da muka ambata.

Wani misali mai daɗin ji shi ne na lauyoyin da ke zuwa ofishin 'yan sanda. A 2005 aka gwada wannan tsari a jihohin Imo, Kaduna, Ondo da Sakkwato, da tallafin gidauniyar Open Society da haɗin kan hukumar lauyoyin gwamnati. Aka tura lauyoyi matasa, masu yi wa ƙasa hidima, su ga wanda aka kama tun kafin a kai shi gidan yari. Kuɗin tallafin ya zo ya wuce, amma a 2017 rundunar 'yan sanda ta sa tsarin cikin umarninta na aiki mai lamba 20. Abin da aka fara da kuɗin baƙi ya zama ka'ida ta gida.

Baƙo raɓa ne

Nan ne muke so mu jawo hankalinku sosai. Tallafi yakan zo na shekara ɗaya, ko biyu, ko uku. Shari'ar gona kuwa takan fi haka daɗewa a kotu. Idan kuɗi ya ƙare shari'a ba ta ƙare ba, lauya ya koma birni, gwauruwar da aka ƙarfafa ta kai ƙara ta rage ita kaɗai, ga gaba da dangin miji, ga babu mai tsaya mata. Halin da take ciki a lokacin ya fi na dā muni.

Kuma wanda ya bayar yana iya janyewa ba zato. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta ga ƙasashen waje, a tsakiyar shekarar kuma aka rufe hukumarta ta USAID. A watan Fabrairu na 2025 Birtaniya ta sanar cewa za ta rage nata tallafin ƙwarai. Ƙungiyoyi da yawa a Afirka sun sallami ma'aikata, wasu sun rufe ofis. Babu wanda ya tambayi mutanen ƙauye kafin a yanke waɗannan shawarwari.

Saboda haka duk lokacin da wata ƙungiya ta zo mana da shirin taimakon shari'a, ko mu da kanmu muka je neman tallafi, tambayar farko ita ce: ran da kuɗin nan ya ƙare, me zai rage a ƙauyenmu? Mota takan lalace, allon suna yakan yi tsatsa. Mutum biyu daga cikinmu da suka koyi doka kuwa suna nan, gonarsu tana nan, 'ya'yansu suna nan, ba inda za su.

Ɗan agajin shari'a

Mun san ma'aikacin lafiya na ƙauye. Shi ba likita ba ne, amma ya san zazzaɓin da zai yi wa magani da wanda zai ce a garzaya asibiti. Haka ɗan agajin shari'a yake. Mutum ne na gari, namiji ko mace, wanda aka koya wa tushen doka a kan gado, aure, gona, kamu da beli, yana kuma da lauya a bayansa wanda zai kira. Yana bayyana wa mutane hakkinsu da harshensu. Yana rubuta musu takardar koke. Yana raka su ofishin 'yan sanda ko ƙaramar hukuma. Yana zama da mai unguwa da dattawa a yi sulhu a rubuta abin da aka shirya. Ba ya tsayawa gaban alƙali a madadin wani, domin wannan aikin lauya ne kaɗai. Kuma akwai abin da ba ya sulhu a kansa: fyaɗe, kisa, da cin zalin yara, waɗannan sai hukuma.

An gwada wannan hanya a ƙasar Saliyo bayan yaƙinsu ya ƙare a 2002. A lokacin lauyoyin ƙasar kaɗan ne ƙwarai, kusan dukansu kuma suna babban birnin, Firitawun. Wata ƙungiya mai suna Timap, wadda aka kafa a 2003 da kuɗin tallafi, ta horar da mutanen karkara ta zaunar da su a garuruwansu, lauyoyi ƙalilan suna zagayawa suna duba aikinsu. Yawancin matsalolin a gari aka warware su, kaɗan ne suka kai kotu. A 2012 majalisar Saliyo ta yi dokar da ta amince da irin waɗannan ma'aikata. A Malawi ma, tun 2000 'yan agajin shari'a suke shiga gidajen yari suna nemo waɗanda aka manta da shari'arsu. Dokarmu ta 2011 ita ma ta san da aikin 'yan agajin shari'a.

Kuɗin da zai riƙe lauya ɗaya a kan shari'a ɗaya zai iya horar da mutane da dama. Idan za mu nemi tallafi, a kan wannan ya kamata mu fi sa ƙarfi.

Idan muna so mu nemi tallafi

Akwai masu bayarwa da ke neman ƙananan ƙungiyoyi irin namu. A 2021 an buɗe wani asusu na duniya mai suna Legal Empowerment Fund domin ƙungiyoyin da ke koya wa jama'a su san doka su yi amfani da ita. Masu nema suna da yawa, masu samu kaɗan ne, don haka sai an shirya. Ga abubuwan da kusan kowane mai bayarwa yake dubawa.

Na ɗaya, rajista. Ƙungiya takan yi rajistar amintattunta da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ta kuma karɓi takardar ofishin SCUML da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, domin bankuna suna nemanta. Asusun banki ya kasance da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku suna sa hannu. Kada kuɗin tallafi ya shiga asusun fasto ko na shugaba, komai amincinsa, domin a kāre shi daga zargi.

Na biyu, shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ba da kuɗi yana nesa, sai an nuna masa a rubuce. Magatakarda ya sami littafi ya riƙa rubuta kowace matsala da ta zo: irinta, ranar da ta zo, abin da aka yi, yadda ta ƙare. A ɓoye sunayen mutane, a sa lamba a maimakonsu. Ƙungiyar da za ta ce ga adadin gwauraye da suka zo mana a kan gona cikin shekara guda, ga adadin da aka mayar musu, ta fi wadda ta cika takarda da kalmomi masu daɗi.

Na uku, takardar neman tallafi. Ta faɗi matsalar, da abin da za a yi, da wanda zai yi, da lokacin, da yadda za a gane an ci nasara. Kasafin kuɗi ya zama na gaskiya. A sa kuɗin mota, katin waya, takardu, horo, da ladan lauyan da zai duba aikin. A rubuta kuma abin da mu za mu kawo: ɗakin taro, lokacin masu aikin sa kai, abincin masu horo.

Na huɗu, rahoto. A ajiye kowane rasit. A aika rahoto a kan lokaci, a faɗi abin da bai yiwu ba tare da abin da ya yiwu. A kuma karanta lissafin a gaban jama'ar gari kamar yadda ma'aji yake karanta na baiko.

Ikilisiya ɗaya a ƙauye da wuya ta iya duk wannan. Ya fi sauƙi ikilisiyoyin gunduma su haɗu, ko su shiga ƙarƙashin ƙungiyar da ta riga ta yi rajista tana da lauya. Kuma mu sani, irin wannan kuɗi na dukan jama'ar gari ne. Maƙwabcinmu Musulmi, da makiyayi, da wanda ba ya zuwa sujada, duk suna da hakki a cikinsa daidai da mu. Rigimar manomi da makiyayi ma ba ta sasantuwa sai ɓangarorin biyu sun yarda da mai sulhun.

A yi hattara

Masu ba da tallafi na gaskiya ba sa karɓar kuɗin fom. Duk wanda ya zo ya ce a tara masa kuɗi zai samo mana tallafi daga Turai, ko ya aiko da saƙon waya yana neman lambar sirri ta banki, ɓarawo ne. Idan ƙungiya ta ce taimakonta kyauta ne, sa'an nan ma'aikacinta ya nemi na goro, a kai maganar ga shugabanninta. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Kada kuma a miƙa wa kowa ainihin takardar gona, a ba da hotonta kawai.

Kafin mu karɓi kowace ƙungiya, mu tambaye ta: wa ya ba ku kuɗin, na shekara nawa ne, mutum nawa daga cikinmu za ku horar, kuma shari'o'in da ba su ƙare ba wa zai riƙe su bayan kun tafi? Ƙungiyar kirki za ta yi murna da waɗannan tambayoyi.

Abin da za mu fara tun yanzu

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai abubuwan da ba sa jiran tallafin kowa.

Kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu iya karatu da riƙe sirri, waɗanda gari ya yarda da su. Su je babban birnin jiha su san ofishin Legal Aid Council da na FIDA, su karɓo lambar waya, a rubuta a manna a majami'a. A buɗe ƙaramin asusu na kuɗin mota da takardu, ko da mudu ɗaya na hatsi ne daga kowane gida a lokacin kaka.

Magidanta su rubuta wasiyya tun suna da lafiya, su sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci ɗaya, waɗanda ba su da rabo a cikin dukiyar. Ma'aurata su bincika ko aurensu yana da takardar rajista ta gwamnati ko albarka ce kawai aka sa a majami'a, domin wannan yana iya shafar rabon gado. Duk cinikin gona, ko jingina, ko aro, a rubuta shi da shaidu da iyakoki. A yi wa yara takardar haihuwa. Yawancin rigingimun da ke kai 'yan'uwa kotu, takarda ɗaya da aka rubuta a kan lokaci da ta hana su.

Idan muka yi waɗannan na shekara guda, littafin magatakarda zai cika da shaida, kuma duk mai ba da tallafi da ya zo zai tarar da aiki yana tafiya. Idan bai zo ba, gwaurayenmu da marayunmu sun riga sun sami masu raka su.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

1. Wace irin matsalar shari'a ce ta fi damun mutanen ƙauyenmu cikin shekara biyu da suka wuce? Nawa ta ci wa gidajen da ta shafa?
2. Idan aka karɓe wa gwauruwa gona a yau, wurin wa za ta fara zuwa? Me yakan faru bayan haka?
3. Su wane ne a cikinmu za su dace da aikin agajin shari'a, kuma ta yaya za mu taimake su da gonarsu ran da suka yi tafiya dominmu?
4. Waɗanne maƙwabta ne ya kamata mu gayyata su zauna da mu tun daga farko?

Muna roƙon kowace ƙungiya ta rubuta amsoshinta ta ba magatakardan gunduma kafin taro na gaba.